Daga Aji Shida Zuwa Babbar Makaranta: Shawara Ga Ɗaliban Karkarar Kano Ta Arewa

Shawarar wannan makon ta ƙannena ce da ke ajin ƙarshe na sakandare a Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi da Bichi da Tsanyawa da Bagwai da Dawakin Tofa da sauran garuruwanmu, tare da iyayenmu da ke ɗauke da nauyin karatun.

Kowa ya san halin da ƙasarmu take ciki. Gona na manne da gona, babu sauran dajin da za a sare. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki ne rututu ke jiran rabonsu a cikinta, kuma duk rabon gado ƙara tsuke ta yake yi. Taki da ƙwazo sun riƙe mu shekaru aru-aru, amma gidan da Allah Ya albarkata da 'ya'ya da yawa, dole wasunsu su sami wata hanyar cin abinci bayan fartanya. Karatu mai zurfi na cikin waɗannan hanyoyi, kuma yaranmu suna da kan yin sa.

Abubuwa uku ne suka fi kayar da ɗan karkara a ƙofar jami'a: takardun da ba su dace da juna ba, da wa'adin da ya wuce ba a sani ba, da kuɗin da ba a tanada ba tun da kaka. Dukkansu ana iya maganinsu daga gida, in an tashi da wuri.

Fara da sunanka

Kafin maganar fom ɗin JAMB, ɗauko takardunka duka ka shimfiɗa su a kan tabarma: satifiket ɗin firamare, takardar haihuwa, takardar lambar NIN, da sunan da makaranta ta rubuta maka a rajistar NECO ko WAEC. Karanta su harafi bayan harafi. Sau da yawa za ka tarar yaro Sani Musa ne a firamare, Muhammad Sani Musa a NECO, a NIN kuma an liƙa masa sunan garinsu a ƙarshe. Ranar haihuwa ma haka: nan an rubuta 1 ga Janairu saboda an yi kintace, can kuma wata rana daban. A gida duk mutum ɗaya ne, amma kwamfuta mutum uku take gani.

Tun daga 2021 hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN, kuma daga rumbun hukumar katin ɗan ƙasa take ɗauko suna da ranar haihuwa. Abin da ke can shi zai bi ka har takardar digiri da ta bautar ƙasa. In akwai kuskure, ka je a gyara tun kafin a fara sayar da fom, domin gyaran yana cin kuɗi yana cin makonni, kuma na ranar haihuwa ya fi na suna tsada nesa ba kusa ba. Ka kuma duba shekarunka, don ƙa'idar da aka tsayar ita ce ɗalibi ya cika shekara 16 kafin a ba shi gurbi.

Na biyu, layin waya. Ka mallaki naka na kanka, ko da wayar aro za ka riƙa sa shi. Kada ka yi rajista da layin mai shagon intanet, ko na yayanka da zai tafi cirani Legas da wayarsa. Da wannan layin za ka aika kalmar NIN da lambobinka goma sha ɗaya zuwa 55019 ko 66019, a turo maka lambar da za ka sayi fom da ita. Ta kansa za ka ga sakamako, ta kansa saƙon gurbi zai zo. Ka riƙa sa masa kati ko na naira ɗari ne don kada kamfani ya rufe shi. Adireshin imel ma ka buɗe naka.

Na uku, ka sayi ƙaramin littafin rubutu da jakar leda mai zif. Duk wata lamba da aka ba ka, da lambar sirri, da ranar da ka biya wani kuɗi, rubuta su a littafin. Duk wani rasit da takarda, sa su a jakar, ka ba Inna ta ajiye maka a inda ruwan damina da gara ba sa kaiwa. Ka je sakatariyar ƙaramar hukuma ka karɓi takardar shaidar zama ɗan asalinta, wadda ake kira indijin, tun yanzu da babu layi. Za a tambaye ka ita a wurin rajistar makaranta da kuma duk inda za ka nemi tallafi.

Kiredit biyar su ne tushe

Ɗalibai da yawa suna zuba ƙarfinsu duka a kan JAMB su manta da jarrabawar kammala sakandare. Ko maki nawa ka ci a JAMB, jami'a ba za ta ɗauke ka ba sai da kiredit biyar a darussan da suka shafi kwas ɗinka, har da Turanci, da Lissafi a mafi yawan kwasa-kwasai, a zama ɗaya ko biyu. Kwas irin na likitanci galibi a zama ɗaya ake so. Ana karɓar WAEC da NECO da NABTEB, da kuma NBAIS ga ɗaliban makarantun Arabiyya da Islamiyya.

A Kano gwamnati ta saba biya wa ɗaliban makarantunta da suka ci jarrabawar share fage kuɗin NECO. In sunanka na cikin waɗanda za a biya wa, je ka gani da idonka a ofishin shugaban makaranta. In ba ya ciki, a sanar da gida tun da wuri don a san yadda za a yi, kada sai ana gobe za a rufe rajista a fara neman wanda zai sayi akuya.

Za ka iya yin JAMB kafin sakamakonka ya fito, tunda WAEC da NECO na 'yan makaranta tsakanin bazara da tsakiyar damina ake yin su. Sai dai da zarar ya fito, ka koma cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora shi a shafinka. Wanda bai ɗora ba, ko ya ci maki mai yawa, sunansa ba zai shiga jerin waɗanda za a duba ba. Wannan ƙaramin aikin ya sha sa yara masu ƙoƙari zaman shekara guda a gida.

Zaɓen kwas da makaranta

A nan ake son gaskiya tsakaninka da kanka. Kusan kowane ɗalibin kimiyya likita yake son zama, ɗan ajin adabi kuma lauya, kuma kowa Jami'ar Bayero yake hange. Buri abu ne mai kyau, amma guraben likitanci kaɗan ne, masu nema kuwa dubbai. A 2025 mafi ƙarancin makin da aka amince a ɗauki ɗalibi da shi shi ne 150 a jami'o'i, 140 a kwalejojin koyon aikin jinya, 100 a kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha. Wannan ƙasan tsani ne kawai. Kowace makaranta tana yanke nata makin, kowane sashe ma yana da nasa, kuma a kwasa-kwasan da ake rububi, maki 200 ma sau da yawa ba ya kai mutum ko'ina.

Akwai abin da ya kamata ka sani game da jami'o'in tarayya. Tsarin rabon gurbi ya ware kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki daga ko'ina a ƙasa, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa cikin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko, kuma Kano na cikinsu. Ke nan ɗan Kano ya fi samun dama a Bayero da makwabtanta fiye da jami'ar da ke can kudu, ga kuma sauƙin kuɗin mota.

Kada idonka ya tsaya a wuri ɗaya. Jihar Kano na da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote a Wudil, da Jami'ar Northwest da a baya ake kira Yusuf Maitama Sule a cikin birni, da Kano Poly, da Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi a Kumbotso, da Kwalejin Shari'a da Addinin Musulunci ta Aminu Kano. A ƙofar gidanmu akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta koyon sana'a a Bichi, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo a Ɗambatta, da makarantar ungozoma ita ma a Ɗambatta. Ƙetare iyaka kaɗan akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, wadda ta fi birnin Kano kusa da wasu ƙauyukanmu. Ɗalibin da ke karatu kusa da gida yana iya zuwa ƙarshen mako ya ɗauki garin tuwo da kuka da daddawa, ya kama wa Baba aikin gona, ya koma. Wannan kaɗai ya rage rabin wahala.

Wanda ya yi NCE a kwalejin ilimi ko difloma da sakamako mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu ta hanyar da ake kira DE. Malamai da ma'aikata da yawa da kuke gani ta nan suka bi. Hanya ce mai ɗan tsawo, amma tana kaiwa, kuma mai ita yana da takardar neman aiki a hannu tun kafin digiri.

Sannan ka kula da haɗin darussa. JAMB darussa huɗu ce, Turanci dole, sauran ukun kwas ɗinka ne ke yanke su. Likitanci na son Bayoloji da Kemistiri da Fizis, injiniyanci na son Lissafi da Fizis da Kemistiri, Shari'a na son Adabin Turanci a cikin ukun. Kundin JAMB da ke shafinta na intanet ya jera abin da kowace makaranta ke buƙata a kowane kwas. Zauna da malamin da ka amince da shi ku duba tare kafin ranar rajista. Matambayi ba ya ɓata. Kada ka bari ma'aikacin cibiya, da ke da layin mutum ɗari a bayanka, ya zaɓar maka makomarka cikin minti biyu.

Ranar rajista da ranar jarrabawa

Galibi ana sayar da fom tsakanin Janairu da Maris, a yi jarrabawa a Afrilu zuwa Mayu. A 2025 kuɗin duka ya kama naira 7,200, ko 8,700 ga mai son jarrabawar gwaji. A cibiyar da JAMB ta amince da ita kaɗai ake rajista, ba a kowane shagon intanet ba. Je ka a makon farko ko na biyu. Masu jiran makon ƙarshe su ne ke kwana a layi, kuma su ake turawa garuruwa masu nisa saboda kujerun kusa sun cika. Kafin ka tashi daga gaban kwamfutar, karanta duk abin da aka rubuta: suna, darussa, makaranta, kwas. Gyara daga baya kuɗi ne.

Ina ba ka shawara ka biya na gwajin in da hali. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba yakan ɓata rabin sa'a yana rawar hannu, alhali tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane darasi cikin sauran ukun. Abin ba shi da wuyar da ake zuzutawa. Haruffan A da B da C da D su ne na zaɓen amsa, N ya kai ka tambaya ta gaba, P ya dawo da kai baya, S kuma na miƙa aiki ne, kada ka taɓa shi sai ka gama. Ku haɗu ku huɗu ko biyar ku sami tsofaffin tambayoyi, ku riƙa yi da agogo bayan sallar isha'i. Akwai kuma littafin labari da JAMB ke sa wa a karanta don jarrabawar Turanci. Karanta shi da kanka, kada ka dogara da taƙaitawar wani.

Da zanen yatsa ake tantance mai shiga ɗakin jarrabawa. Kai da ke aikin gona ko ɗaukar bulo, ka sassauta wa hannunka kwanaki kafin rajista da kafin jarrabawa, ka riƙa shafa mai, don kaushi da tsagewa na hana na'ura gane yatsa. Ke kuma ƙanwata, ki haƙura da lalle a yatsu a wannan tsakanin ko da bikin wa ake yi. JAMB da kanta ta yi gargaɗi a kan haka, domin na'urar na iya ƙin karɓar yatsan da ya sha ƙunshi, kuma wadda na'ura ta ƙi ba ta shiga.

Ka buga takardar da ke nuna cibiya da rana da lokaci da zarar an sake ta. In jarrabawarka ta sassafe ce a cikin birni, kwana a can wurin ɗan'uwa. Kada ka dogara da motar asuba daga ƙauye.

Bayan sakamako

Nan ne aka fi yin sakaci, domin lokacin ya faɗo daidai da shuka da noman farko, hankalin kowa na gona. Da ka ga makinka, auna shi da kwas ɗin da ka nema. In bai kai ba, canza kwas ko makaranta tun da wuri a cibiyar JAMB. Jami'o'in da ake rububi waɗanda suka sa su a zaɓin farko kawai suke dubawa. Ka sa kunne ga sanarwar tantancewar da makarantar ke yi da kanta, wadda ake kira Post-UTME. Wa'adinta gajere ne, kuma babu mai zuwa ƙauye ya gaya maka. Ka nemi wani ɗan garinku da ke karatu a can ya zame maka ido.

Tun 2017 duk wani gurbi na halal ta shafin JAMB da ake kira CAPS yake fitowa. Riƙa duba shi duk mako. In an ba ka gurbi, dole ka danna cewa ka karɓa cikin wa'adi, in ba haka ba a ba wani. Gurbin da bai bi ta nan ba, ko wa ya ba ka shi, zai jawo maka matsala ranar da za a tura ɗalibai bautar ƙasa.

Ina kuɗin za su fito?

Ga gaskiyar da ya kamata kowane gida ya sani: lamunin gwamnati da mafi yawan tallafin karatu sai wanda ya riga ya sami gurbi ake ba. Kuɗin gyaran takardu, da na fom, da na mota zuwa birni sau da yawa, da na tantancewa, da na karɓar gurbi, da katifa da bokiti da kayan abinci, har ma da rajistar farko a lokuta da dama, daga gida za su fito. Kuma yawancinsu suna tasowa ne tsakanin bazara da tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗi sun tafi taki da ƙwadago.

Saboda haka da kaka ake shirin karatu. Ranar da aka casa wake aka ɓare gyaɗa, a ware buhu ɗaya ko biyu a ce na karatun wane ne, kada a taɓa su don biki ko suna. In an riƙe su zuwa bazara, galibi sun fi daraja a kasuwar Dawanau ko kasuwar Ɗambatta ta ranar Lahadi fiye da ranar da aka kawo su gida. A sayi ɗan rago a ɗaure, ga harawa ga dusa a gida. Kai ɗalibi, roƙi Baba ya yanka maka gayauna ka sa riɗi ko wake, amfanin ya zama na makarantarka. Masu kusa da madatsar Watari ko ta Thomas, aikin noman rani na nan. Inna ma, in tana zubin adashi, a roƙi uwar adashi ta sa kwasarta ta dace da watan rajista.

Ina roƙon iyaye kada a sayar da gona ko a jinginar da ita don kuɗin shekarar farko. Karatun shekara huɗu ne ko biyar, gonar ce za ta ciyar da ɗalibin da ƙannensa har ya gama. A 2023, da Jami'ar Bayero ta ƙara kuɗin rajista, ko kwasa-kwasan da suka fi sauƙi sun haura naira 90,000, wasu na fannin lafiya suka haura 150,000. A tambayi kuɗin makaranta tun kafin a zaɓe ta, a lissafa har da na ɗakin kwana da abinci.

Bayan an sami gurbi, ƙofa ta farko ita ce asusun lamunin karatu na tarayya, NELFUND. An sa hannu a kan sabuwar dokarsa a Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayu na shekarar. Na ɗaliban makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jiha, jami'a ko kwaleji. Babu kuɗin ruwa a cikinsa, kuma sabuwar dokar ta cire sharaɗin kawo wanda zai tsaya maka. Kuɗin rajista makaranta ake tura wa kai tsaye, wanda ya nemi na ɗawainiya kuma ana ba shi naira 20,000 a wata a asusunsa. Ana fara biya shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, ta hanyar cire kashi goma cikin ɗari na albashi ko na ribar sana'a, kuma dokar ta tanadi yafewa in mutuwa ta riski mai bashin. Za a nemi lambar JAMB da NIN da lambar BVN ta banki da takardar gurbi, kuma sai makarantarka ta aika bayananka kafin shafin ya gane ka. Don haka buɗe asusun banki da sunanka tun yanzu, sunan ya zo daidai da na NIN. Nema kyauta ne, ba a biyan kowa ko sisi. Amma ka riƙe a ranka cewa bashi ne, amana ce da za ka mayar don na bayanka su samu. Kuma yakan ɗauki lokaci kafin ya fito, don haka kada ka bari a rufe rajista kana jira.

Ƙofa ta biyu ita ce ta jiha. Hukumar ba da tallafin karatu ta Jihar Kano tana rajistar 'yan asalin jihar da ke manyan makarantu. A 2023 gwamnatin jihar ta rage rabin kuɗin rajista a manyan makarantunta ga 'yan jiha, ta kuma amince da naira miliyan 700 don biya wa ɗalibai 7,000 'yan Kano a Jami'ar Bayero. Ta kuma raba dubban fom ɗin JAMB kyauta a shekarun baya-bayan nan. Irin wannan ba kullum ake yi ba, kuma mai takardu a hannu shi ke samu. Sanata da 'yan majalisa da shugabannin ƙananan hukumomi su ma sukan sayi fom ko su biya rajista. Tambayi shugaban makarantarku, da kansilan mazaɓarku, da ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarku.

Ƙofa ta uku ta masu ƙoƙari ce. Hukumar tallafin karatu ta tarayya, da asusun PTDF na fannin man fetur, da gidauniyar MTN, da kamfanin iskar gas na NLNG, duk suna ba da sikolashif ga ɗaliban da suka riga suka shiga, kuma sakamakon shekarar farko ko ta biyu suke dubawa, wasu har da jarrabawa. Shirin Kano na tura ɗalibai 1,001 karatun digiri na biyu a ƙasashen waje, irin su Indiya da Yuganda, da aka farfaɗo da shi a 2023, masu digiri mai daraja ta ɗaya aka nema. Ke nan karatun da za ka yi a zangon farko shi kansa neman kuɗi ne.

Ƙofa ta huɗu ita ce ta dangi da masu hali na gari, kuma tana da ladabinta. Kada ka je hannu rabbana kana cewa a taimaka maka da kuɗin makaranta. Tafi da kwafin takardar gurbi da takardar biyan kuɗi da makaranta ta fitar, tare da mahaifinka ko wani dattijo, ka ce ga abin da aka tara, ga abin da ya rage, in ana so a biya kai tsaye a banki. Mutane sun fi sakin hannu in sun ga takarda, sun kuma ga gida ya yi nasa ƙoƙarin. Ƙarshen zango ka kai wa wanda ya taimake ka sakamakonka ya gani. Mai zakka da mai neman lada suna nan a kowane gari, abin da suke so su tabbatar kuɗinsu inda aka ce can suka je.

Ga iyayen 'ya'ya mata

Iyayenmu, ku dubi asibitocin ƙauyukanmu. Mace na naƙuda, ana neman ma'aikaciya mace a rasa, ko a sami guda ɗaya tana duba garuruwa da yawa. Makarantun 'yan mata na neman malamai mata. Waɗannan ma'aikatan daga gidajenmu za su fito, ba daga wani wuri ba. Makarantar ungozoma na Ɗambatta, kwalejin ilimi na Bichi, kuma manyan makarantu na da ɗakunan kwanan mata. In maganar aure ta taso, a sa ci gaba da karatu cikin abin da za a yi magana a kai tsakanin waliyyai tun kafin a sa rana. Matan aure da yawa suna karatu a waɗannan makarantu da yardar mazajensu. In za a ware buhu don ɗa namiji, a ware don 'ya mace.

Hattara da 'yan damfara

Duk wanda ya ce zai ƙara maka makin JAMB, ɓarawo ne. Duk wanda ya ce a tura kuɗi asusunsa zai samo gurbi, ko ya sa sunanka a jerin masu sikolashif, ɓarawo ne. Saƙonnin da ke yawo a WhatsApp da Facebook ana cewa a cike fom da BVN da lambar katin banki don karɓar tallafi, tarko ne. Kada ka ba kowa lambar sirrinka ta JAMB. Haka kuma cibiyoyin da ake biyan kuɗi don a ba da amsa: hukuma na iya riƙe sakamakon cibiyar gaba ɗaya, kuɗi su tafi, shekara ta tafi, wanda ya tsallake kuma jarrabawar zangon farko a jami'a ta tona shi.

In ba a dace bana ba

Rashin gurbi a shekarar farko ba ƙarshen karatu ba ne. In kiredit ne bai cika ba, akwai NECO da WAEC na masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara. In maki ne ya gaza, ga kwalejin ilimi da ta kimiyya da fasaha, ga shirin IJMB na Jami'ar Ahmadu Bello da ke kai mutum aji biyu. In ka zaɓi sake JAMB, ka cika shekarar da noma ko sana'a da karatun dare, ka shiga da kuɗinka a hannu. Makin JAMB na shekara ɗaya ne kawai, ba a ajiye shi, don haka in an ba ka gurbin da za ka iya riƙewa, yi shawara sosai kafin ka ƙi shi.

Ƙannena, kada ku jira a fara sayar da fom. A cikin makon nan ku ɗauko takardunku ku gwada sunayen, ku tabbatar da layin wayarku, ku zauna da iyayenku a yi lissafin abin da za a ware. Malamai da shugabannin makarantu, ku tara 'yan aji shida ku bi musu waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya. Ku kuma da kuka riga kuka shiga jami'a daga garuruwan nan, kowannenku ya kama hannun yaro ɗaya daga ƙauyensu har ya ga ya yi rajista. Allah Ya ba da sa'a, Ya sa karatun ya amfani iyaye da gari baki ɗaya.